Battar Kaka da Karan Sigari: Mata da Taba a Ƙasar Maradi

Cikin hutun da ya wuce aka fasa auren ɗiyar kawuna a Maradi. An sa rana, an kawo lefe, har an fidda anko. Sai ga wani hoto yana yawo a WhatsApp: ita da ƙawayenta biyu cikin ɗaki, tana riƙe da tiyon shisha, hayaƙi na fita ta hancinta. Ba a kwana uku ba dangin ango suka aiko a maido musu kayansu. Shi angon kuwa, duk unguwa an san kwali guda na sigari yake tashi da shi a yini, a bakin fadarsu, gaban kowa. Ba wanda ya kawo wannan zance a zaman da manya suka yi.

Ranar da labarin ya iso Jiratawa ina zaune kan tabarma kusa da Kaka, wadda ta haifi innata da kawun nawa. Ta yi salati, ta ce yarinyar nan ta zubar da mutuncin gida. Tana rufe baki ta laluba bakin zanenta, ta kwance ƴar battarta, ta ɗebo garin taba da yatsu biyu ta tura ƙarƙashin leɓe. Na kasa riƙe dariya.

"Kaka, wannan fa da kika sa a baki, mene ne?"

"Ke kishiyata, ki kiyaye ni. Ni ci nike, ba sha nike ba. Kin taɓa ganin hayaƙi na hita bakina? Taba ta bambanta da garin gero, haka ci ya bambanta da sha."

Ban sami abin ce mata ba a ranar. Ganye guda ne, amma ga tsohuwa tana cin sa shekara da shekaru da mutuncinta, ga jikarta ta rasa aure a kansa. Daga ina wannan rabo ya fito? Na shiga karance-karance, na kuma yi ta tambayar tsofaffi. Abin da na samo shi nake son in ajiye gaban ƴan ƙungiyarmu da duk mai karanta wannan ɗan littafi: matan ƙasar Hausa sun kai shekara 200 aƙalla suna mu'amala da taba, kuma tun can hayaƙin aka hana musu, ganyen an bar musu shi. Wannan rabo yana ci mana rai har yau.

Baƙuwar da ta zama ƴar gida

Taba baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta nahiyar Amurka, Turawa ma ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Cikin shekara ɗari da ƴan kai ta zagaye duniya. A shekarun 1590, jim kaɗan bayan sojojin Maroko sun karya daular Songai a 1591, aka fara ganin ta a Tumbuktu. Nan take malamai suka rabu a kanta. Shehu Ahmad Baba, babban malamin Tumbuktu da aka kwasa zuwa Marakesh a ɗaure, ya rubuta a 1607 cewa halal ce, tun da ba ta gusar da hankali yadda giya ke yi. Wasu malaman suka ce sam. Sarakuna ma sun sa baki. Sarkin Ingila James na Ɗaya ya rubuta ƙasida yana tsine mata a 1604. Sarkin Istambul Murad na Huɗu ya hana ta a 1633, har da hukuncin kisa. Kusa da mu, daular Hamdallahi ta Shehu Amadu a Masina ta haramta ta a ƙarni na 19. Duk wannan bai tsayar da ita ba.

Abin da na lura, gardamar malaman nan a kan ganyen take: yana sa maye ko ba ya sa, yana cutar da jiki, warinsa na damun masu salla, kuɗinsa almubazzaranci ne. Hukunci ne na Musulmi, mace ko namiji. Har yau a wa'azin da nake ji, malamin da ya ce haramun ce da wanda ya ce makaruhi ce, ba ɗaya da na ji ya ce halal ce ga maza kaɗai.

A ƙasar Hausa kuwa taba ta samu ƙasa mai karɓar ta. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, da ya sauka Katsina a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, sai da ya sayi tabar Katsina cikin guzurinsa, don an shaida masa tana da daraja har can. Mu kuma Katsinawa ne. Bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarautar Haɓe ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maradi wajen 1819. Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Gulbin da ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarunfa, shi ne ya ratsa Jiratawa da Maradi da Tibiri. Ruwa guda, fadama guda, shuka guda.

Abin da baƙo ya gani a Kano

Shaida mafi tsufa da na samu a kan mata ta wani Baturen Birtaniya ce, Hugh Clapperton, wanda ya zauna Kano a farkon 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya rubuta abubuwa uku da suka tsaya mini a rai. Na farko, maza da mata suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba. Na biyu, cin garin taba haɗe da kanwa abin so ne, kuma a ƙasar Hausa mata ma suna ci, alhali a Barno ba a yarje musu ba. Na uku, shan taba da hayaƙi ya game ko'ina, amma an hana mata shi.

Ku duba fa. Wannan Kano ce ƙarƙashin daular Usmaniyya, shekara 17 kacal bayan jihadi ya ci birnin. Maganar da Kaka ta faɗa mini kan tabarma, cewa ita ci take ba sha ba, ashe ba ita ta ƙago ta ba, gadon ta ta yi. Kuma tun da a Barno cin ma an hana mata, ga shi a fili cewa al'ada ce ke ja wannan layi, kowace ƙasa da inda ta ja nata.

Me ya sa layin namu ya faɗa kan hayaƙi? Ga yadda na fahimta. Garin taba yana zaune cikin baki, ba a gani, mace na iya daka da surfe da shi. Tukunyar taba kuwa sai an zauna, an nemi wuta, an miƙe ƙafa, an busa a hankali. Zama ne na mai hutu, wanda ba a aike, wanda bakin ƙofa da dandali nasa ne. Hayaƙi yana tashi sama ya sanar da unguwa cewa ga wani nan yana jin daɗinsa ba da izinin kowa ba. Wannan zaman ne ba a so a ga mace a ciki.

Fadamar gulbi da jajayen haƙora

Kaka ta ce an haife ta shekarar da ruwa ya ci tsohon garin Maradi, wato 1945, lokacin da aka tada mutane daga kwari aka maida su kan tudu. Tana yarinya, in ji ta, in ruwan gulbi ya janye bayan damana, sai a dasa taba a fadama, gona bayan gona. Maza ke yin iri da dashe da ban ruwa. Amma daga nan aikin ya koma hannun mata.

"Mu ka tsinko hure, mu ka shanya ganye, mu ka daka shi a turmi har hanci na zuba, mu ka sa mashi kanwa, mu ka ɗauka a ka mu kai kasuwa. Kuɗɗin tabar nan da shi na sayi kwanonina na aure."

Fure shi ne kwalliyar zamaninsu. Budurwa za ta tauna goro, ta ɗauki furen taba ta yi ta goga wa haƙoranta har su yi ja wur. Kamar lalle da kwalli yake. Saurayi mai son a san yana so, ranar kasuwa zai aiko da goro da ƙullin fure. Kaka ta ce yarinya mai farin haƙori a dandali dariya ake mata, a ce gidansu ba su da ko tamma ta sayen fure. To, ashe akwai lokacin da uwa da kanta ke miƙa wa ɗiyarta taba don ta yi kyau ta samu miji.

Cin garin kuwa, yawanci sai mace ta manyanta. Kaka ta fara bayan haihuwarta ta uku, haƙori na mata ciwo, uwar mijinta ta ɗebo mata daga tata battar ta ce ta danne wurin. Ciwon ya lafa, tabar ta zauna. Duk tsofaffin da na tambaya kusan labarin guda ne: ciwon haƙori, ko tashin zuciya, ko barci na ɗaukar mace ga aiki bai ƙare ba. In tsohuwa ta je barka ko gaisuwar mutuwa, batta na zagayawa tsakanin tsaranta kamar goro. Kaka ta ma tuna wata gyatuma a wani ƙauyen Arna da ke shan lofe a ƙofar bukkarta, ba mai kallon ta sau biyu. Na ce don me? Ta ce, "Ta wuce shekarun da a ka sa ma mace ido."

Yau jan haƙori ya tafi, buroshi da jan baki sun kore shi. Fadamar Jiratawa ma ta canza tun da aka yi aikin noman rani na zamani a farkon shekarun 1980, hekta sama da 500, yanzu zogale ne ya yi mana suna. Amma ku shiga kasuwa, za ku tarar da masu garin taba da kanwarsu, kuma ku tsaya ku ga su wa ke saye.

Yadda sigari ya samu sunan banza a hannun mace

Sigari na takarda zamanin Nasara ya kawo shi. Sojojin da suka dawo daga yaƙoƙin Faransa, da ma'aikatan bariki, da direbobi, su suka fara yawo da shi. Ga namiji ya zama alamar wayewa, ta wanda ya ga duniya. A 1959 aka buɗe masana'antar sigari a Zariya. Bayan yaƙin Biyafara ya ƙare a 1970 kuma, Maradi ta zama babbar mashigar sigarin waje: a sauke shi tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a kawo shi rumbunan Maradi, a tsallaka da shi Najeriya inda aka toshe shigowarsa. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire, da ya rubuta littafi kan alhazan Maradi a 1986, ya nuna yadda wannan fatauci ya tara wa manyan ƴan kasuwa dukiya. Cikin kuɗin da ya gina Maradin da muke gani akwai kuɗin sigari, kuma ba wanda aka fasa ba ɗiya don haka.

Wace mace ce aka fara gani da karan sigari? Wadda dama take zaune inda maza ke zama. A Maradi akwai sarautar Iya, a Tibiri akwai ta Inna, mata ne daga gidan sarauta, su ke shugabantar ƴan bori da matan da ke zaman kansu. Macen da aurenta ya mutu, ta ƙi komawa gidan uba, ta kama ɗaki tana karɓar baƙi, ita ake kira karuwa. Tana da wurinta a tsarin gari, tana da shugaba a fada, a shekarun 1950 ma jam'iyyun siyasa irin su Sawaba sun nemi irin waɗannan mata don su ke iya fita taro. Su ne suka iya kunna sigari gaban jama'a, don ba miji ko uba da zai tsawata. Daga nan sigari da karuwanci suka ƙulle a idon mutane, har ya zama in an ga ɗaya an yanke hukuncin ɗayan.

Akwai wuri guda da matar aure ke iya busa hayaƙi a fili, shi ne filin bori. Tun daga 1925, lokacin da iskokin da ake kira Hauka suka bayyana a ƙasar Filinge ta hannun wata mace mai suna Shibo, bori ya samu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da Nasara, waɗanda a nan muke ce wa Babule. Kaka ta ce in ɗayansu ya hau mace, sai ta miƙe ta yi tafiyar soja, ta nemi sigari da ashana, ta sha gaban mijinta da surukanta. In ya sauka ta koma gida ta ɗora tukunya. Ba mai ce mata komi, don ba ita ta sha ba, iskan ne. Wannan ya nuna mini cewa hatta a lokacin kowa ya san hayaƙi kayan iko ne. Mace ba ta taɓa shi sai ta ari jikin soja.

Kada a ɗauka sunan karuwa tsegumi ne kawai. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maradi, aka afka wa mashayu da gidajen mata masu zaman kansu, aka sa wuta. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa da hoton ɗiyar kawuna ya fita, ba wanda ya tsaya tambayar ƙirjinta. Abin da dangin ango suka karanta a hoton wani abu ne daban.

Can ƙetare ma haka aka yi, sai ƴan kasuwa suka shigo

Kada wani ya ce wannan halin Bahaushe ne kaɗai. A birnin New York na Amurka, a watan Janairu na 1908, majalisar gari ta kafa dokar hana mata shan sigari a wuraren jama'a, har aka kama wata mace a titi, kafin magajin gari ya soke dokar bayan mako biyu. A can ma macen da ke busa hayaƙi, mutuniyar banza ake ɗaukar ta.

Kamfanonin taba suka duba suka ga rabin jama'a ba sa saye. A 1929 wani gwanin talla mai suna Edward Bernays, da kamfanin da ke yin sigarin Lucky Strike ya ɗauka aiki, ya shirya wasu ƴan mata suka shiga jerin gwanon bikin Ista a New York suna kunna sigari gaban ƴan jarida. Ya sa aka kira karan sigarin fitilar ƴanci. A 1968 kamfanin Philip Morris ya fito da Virginia Slims, sigarin mata zalla, ana tallarsa da cewa mace ta ci gaba. Matan Amurka suka karɓa. Sakamakon bai zo da wuri ba, amma ya zo: daga 1987 ciwon dajin huhu ya wuce na nono wajen kashe matan Amurka.

Ita kanta shishar da ake ce wa sabon iskanci, a wasu ƙasashen Musulmi kayan cikin gida ce ta mata tun da daɗewa. A Iran, a 1891, lokacin da malamai suka ce a ƙaurace wa taba don sarki ya sayar wa wani Bature ikon cinikinta, har matan gidan sarkin sun ajiye tukwanen shisharsu. Da ba sa sha, da ba abin da za su ajiye.

Na kawo wannan ne saboda ƙawayena na makaranta. Na sha jin wata ta ce, "In shi yana sha, ni mi zai hana ni?" Ina gane zafin da ke cikin maganar, ni ma na ji shi ranar da aka maida lefen nan. Amma wannan magana ita ce daidai wadda Bernays ya sayar, kuma an biya shi. Daidaito da namiji wajen tari da ciwon huhu ba abin nema ba ne.

Abin da kunya ta rufe

Tun 1950 masu binciken Ingila Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da ciwon dajin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba sa ma sha, hayaƙin wani suke shaƙa. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayu na 2006, mai hana talla da shan taba a wuraren jama'a. Duk wannan da kyau. Amma ku duba su wa rabon nan na ci da sha ya bari a baya.

Ta farko tsohuwa mai batta. Sinadarin nikotin da ke kama mai sigari shi ne ke cikin garinta, kanwar da take haɗawa kuma ita ke sa ya ratsa fatar baki da sauri ya shiga jini. Masu binciken ciwon daji na duniya sun tabbatar tabar ci na kawo dajin baki da na maƙoshi. Kwalin sigari yana ɗauke da gargaɗi, batta ba ta da rubutu. In an je awo likita ya ce, "Inna, kina shan taba?" za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba, ita ci take. Wata aminiyar Kaka, tare suka yi tallar fure suna yara, wani gyambo ya fito mata cikin kunci, daidai inda take ajiye garin. Ta yi wata da watanni tana rufe shi da gyale, ana cewa sammu ne. Da aka kai ta asibiti aka ce an makara. Ranar sadakar ukunta na ga batta na zagayawa.

Ta biyu matar mai sigari. Ɗaki guda, taga guda, ita da jariri, miji na busawa har ya yi barci. Ba ta taɓa kunna kara ba, mutuncinta cikakke ne, ƙirjinta ne ke biya. In ta yi magana a ce ta raina miji.

Ta uku yarinya irin ɗiyar kawuna. An gaya musu ruwan tukunyar shisha na wanke dafin, ga ƙamshin tuffa da na'ana'a, wai ba taba ba ce. Taba ce, ruwan ba ya tace ta, ga hayaƙin gawayi a kai, ga zama na awa guda ana zuƙa. Ƙasar Mali ta haramta shisha a 2022. Amma mu a nan me muka yi wa yarinyar? Na je Maradi na same ta cikin ɗaki, ta rame. Ta ce ta fara ne don kada ƙawaye su ce mata baƙauya. Bayan fasa auren ba ta ƙara ganin shisha ba, an hana ta fita. Sai ta jawo hannuna ta nuna mini ƙasan akwatinta: karan sigari huɗu cikin leda. Yaro take aika wurin mai tebur, ya ce na yayanta ne, ta sha a bayan gida in an yi barci.

"Yaya, ina son in bari. Wa zan gaya ma? In na je likita, kafin in dawo gida labari ya riga ni."

Namiji in yana son ya bar sigari, abokansa na fada za su yi masa dariya kwana biyu, uwarsa ta sa masa albarka. Mace kafin ta nemi taimako sai ta fara amsa sunan da ya fi ciwon muni. Saboda haka take ɓoyewa, abin kuma na ci gaba da cin ta. Kunyar da muka ɗora wa hayaƙi ba ta hana yarinyar nan sha ba, bayan gida ta tura ta. Ba ta kuma taɓa ce wa tsohuwa ko maigida komi ba.

Komawa kan tabarma

Da na dawo Jiratawa na zauna na fassara wa Kaka abin da Baturen nan ya rubuta a 1824. Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya ta ce, "Ashe Nasara ma ya gan mu." Sai na gaya mata abin da na gani cikin akwatin jikarta, na kuma tuna mata aminiyarta. Ta daɗe ba ta ce komi ba. Can ta ce, "Laihi tudu ne." Ba ta ƙarasa karin maganar ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Washegari ta aika wa kawuna cewa a turo mata yarinyar ta zauna wurinta. Da ya fara kawo zancen abin kunya, ta ce masa, "Kai, ni na haihe ka, da taba cikin bakina na goye ka. Turo mani ita." Yanzu wata biyu ke nan tana Jiratawa, tana taya Kaka tsinkar zogale. Ta ce mini wasu ranakun tana ci nasara, wasu ranakun tana faɗuwa, amma aƙalla akwai wadda take gaya wa. Kaka ba ta yar da battarta ba, ta ce ta tsufa da sabon hali. Abin da na samu daga gare ta shi ne ta yarda na raka ta likita aka haska cikin bakinta, kuma da aka tambaye ta ko tana shan taba, ta ce, "Ba ni sha, amma ina ci." Malamar asibitin ta ɗago kai, ta rubuta.

Roƙona ga ƴan uwa ɗalibai, maza da mata, ƙarami ne. In za mu yi faɗakarwa ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, mu sa batta kusa da kwalin sigari da tukunyar shisha, mu ce ci da sha duka. In mun ga hoton wata na yawo, kada mu tura gaba. Wanda kuma zai yi wa ƙanwarsa faɗa kan hayaƙi, ya fara laluba aljihunsa. Ku je ku tambayi kakanninku labarin fure tun suna da rai, ku rubuto mana abin da suka ce a fitowa ta gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.